Daga Dala Zuwa Falgore A Kan Mashin: Abin Da Hanyar Kudu Ke Koya Mana

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, sai a yi haƙuri a bi ni a hankali.

A Arewa yau, idan aka ce an hango mashina goma a jere sun nufo gari, ba wanda zai tsaya tambayar ko 'yan ɗaurin aure ne. Mata su kwashi yara, maza su nemi hanyar gona. Abin hawan da talaka ke kai matarsa asibiti da shi, malamin firamare ke zuwa makaranta da shi, shi ne ya koma alamar ɓarayin daji. Mu a Kano mun fara ɗanɗana wannan tun Janairun 2013, lokacin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero hari, gwamnati ta hana goyo a kan mashin a cikin birni. A 2021 jihohi irin su Zamfara da Katsina da Kaduna suka taƙaita hawansa a wasu yankunansu. Ga kuma labaran da muke ji daga Shanono da Tsanyawa, Allah Ya kawo mana ƙarshen abin.

Duk da haka, ni da wasu abokaina uku, dukkanmu ma'aikatan gwamnati, ba mu daina fita ranar Asabar a kan mashinanmu ba. Mukan tashi bayan asuba, mu je mu ga wani wurin tarihi, mu dawo gida kafin magariba. Duk sanda na sa hoto a nan sai an tambaye ni, wai me kuke nema a daji a wannan zamani? To wannan rubutun shi ne amsata.

Abin da na lura da shi a hanyar kudu, wato daga Dutsen Dala a bi ta Kura da Bebeji da Bagauda da Tiga har Falgore, shi ne kusan duk wani abin tarihi da ke kanta tsoron wani abu ne ya sa aka kafa shi. Wani tsoron mahara, wani tsoron yunwa, wani tsoron kada ƙasa ta bushe. Kuma kowanne ya yi amfani ne iya lokacin da mutanen wurin suke takawa suna duba shi. Da zarar ƙafa ta ɗauke, sai ko dai ya zube, ko wani ya mayar da shi nasa.

Me ya sa mashin? Na farko aljihu. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, ma'aikaci mai matsakaicin albashi ba ya tada mota don yawon buɗe ido. Zagayen Kano zuwa Bebeji zuwa Tiga, a dawo ta Rano, bai kai kilomita 200 ba, kuma Boxer mai lafiya lita biyar zuwa shida ta ishe ta. Na biyu, mai mota wucewa yake yi, mai mashin kuwa yana iya tsayawa ko'ina, ya shiga burtali, ya bi bakin kanal, ya jingine ta gindin tsamiya ya gaisa da dattawa. Mutanen karkara ma sun fi sakin jiki da kai idan ka sauko daga irin abin da su ma suke hawa.

Mu fara daga gida. Wanda yake son ya fahimci hanyar, ya fara hawa Dala da sassafe kafin ya tada mashin. Daga sama za ka ga Goron Dutse, ka ga hasumiyoyin Masallacin Juma'a na cikin gari, ka ga yadda birnin ya bazu har ido ya gaza. Masu binciken abubuwan da ke binne a ƙasa sun gano alamar narka tama a gindin dutsen tun wajen ƙarni na 7. Ke nan ƙarfe ne ya fara tara mutane a nan, tun kafin a yi sarki.

Littafin Tarihin Kano, wanda Bature H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ba da labarin Barbushe, shugaban mutanen Dala, da abin bautarsu Tsumburbura. Wurin bautar wata bishiya ce da ake kira Shamuz, an kewaye ta da katanga, ba mai shiga ciki sai Barbushe. Mutane kan taru daga ko'ina su kawo baƙin kare da baƙar kaza da baƙin bunsuru, shi kuma ya shiga ya fito ya faɗa musu abin da zai faru a shekarar. A nan ne, in ji littafin, ya gaya musu cewa wani baƙo zai zo da runduna ya mallake su. Baƙon shi ne Bagauda, wanda bisa lissafin Palmer ya yi sarauta daga 999 zuwa 1063.

Na san akwai masu jin nauyin a ambaci wannan ɓangaren, wai tarihin maguzanci ne. Ni a ganina wanda bai san daga ina aka taso ba, ba zai san girman aikin da aka yi ba. An ɗauki kusan shekara 300 ana kai ruwa rana tsakanin gidan Bagauda da masu wannan tsafi kafin Sarki Tsamiya (1307 zuwa 1343) ya rushe katangar. Bayansa, a zamanin Yaji (1349 zuwa 1385), Wangarawa suka iso daga Mali da Musulunci, kuma da taimakonsu Yaji ya ci Santolo, babbar abokiyar gabar Kano, wadda dutsenta yake nan har yau a ƙasar Dawakin Kudu. Sai zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) da Shehu Magili ya zo, aka sare bishiyar tsafin aka yi hasumiya a wurin. Kasuwar Kurmi da Rumfa ya kafa, daga kurmin Jakara ta samo suna, kurmin da a da ake tsoron shiga. Yau Jakara kwata ce. Dala kuma gidaje sun matse shi ta ko'ina, zaizayar ruwa tana cin gefensa duk damina, ga shara.

Idan ka sauko ka kama hanya, abu na biyu shi ne ganuwa, ko kuwa abin da ya rage daga cikinta. Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134) ne ya fara ta, ɗansa Yusa ya ƙarasa, Rumfa ya faɗaɗa ta, Muhammadu Nazaki ya sake faɗaɗawa a farkon ƙarni na 17. Da Turawa suka ci Kano a 1903, Gwamna Lugga ya rubuta a rahotonsa cewa kewayenta mil 11 ne, tana da ƙofofi 13, tsayinta ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinta ya kai ƙafa 40, ya kuma amsa cewa bai taɓa ganin irinta a Afirka ba.

Abin da ba mu cika tunawa ba shi ne ginin ƙasa ba ya zama da kansa. Duk damina sai ruwa ya ci wani abu daga jikinsa, duk rani sai an yi masa yaɓe. Aikin gayya ake yi, kowane yanki da rabonsa, sarki na sa ido. Kududdufan da ke bin gefen ganuwa ramukan da aka haƙi ƙasar ne, su ne kuma suke shanye ruwan sama idan ya sauka. Kowace ƙofa da Sarkin Ƙofarta, ya rufe da dare ya buɗe da safe. Da yaƙi ya ƙare bayan 1903, dalilin yaɓen ya tafi, gayyar ta mutu. An ayyana ganuwar a matsayin abin tarihi na ƙasa a 1959, an shigar da ita jerin wuraren da ke jiran amincewar UNESCO a 2007, amma takarda ba ta yaɓe. Mu da kanmu muka riƙa ɗibar ƙasarta muna gini, muka cike kududdufai muka yanka filaye, sannan ruwa ya riƙa shigo mana ɗaki muna mamaki. An rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi aka yi sabuwa. Rigimar filayen titin BUK da rusau na 2023 kuwa kowa ya gani. Ni ma'aikaci ne, ba zan shiga siyasar abin ba, amma babu wata gwamnati guda da ta cinye mil 11 ita kaɗai. Da hannunmu a ciki.

Daga nan sai titin Zariya. Ka haye gadar Tamburawa, ka wuce Karfi da masu gasa masara, ka shiga Kura. Yau an san Kura da shinkafa da injinan casa, amma sunanta ya je Sahara tun kafin a san shinkafar noman rani. Rawanin nan baƙi mai ƙyalli da Buzaye ke naɗawa, wanda ake kira ɗan Kura, a nan ake rina shi da baba, a buga shi a mabuga har ya riƙa sheƙi. Heinrich Barth, Bajamushen da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin ƙasar Kano suna kaiwa har Murzuk da Ghat da Tarabulus da Tambutu, ya ƙiyasta cinikinsu a kan aƙalla wuri miliyan 300 a shekara. Mu kullum marinar Ƙofar Mata muke nuna wa baƙi, alhali babban aikin a garuruwan kudu irin su Kura aka yi shi. Idan ka tambayi dattawa za su nuna maka inda karofi suke a da. Wasu an cike, wasu an yi gida a kai.

Gaba kaɗan, idan ka saki babban titi ka karya dama, sai Bebeji. Wannan gari a kan tsohuwar hanyar fatake yake, kuma a nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, wanda ya fara da fataucin goro zuwa Gwanja kafin jirgin ƙasa ya iso Kano harkar gyaɗa ta buɗe. Amma abin da ke kai ni Bebeji shi ne ranar 1 ga Fabrairu 1903. Kanar Morland ya baro Zariya ranar 29 ga Janairu da sojoji fiye da 700, da igwa da bindiga mai ruwa. Bebeji ne gari na farko na ƙasar Kano da ya rufe musu ƙofa. Suka harba igwa a ƙofar, ta fashe, Sarkin Bebeji da wasu manyansa suka rasu a wurin. Da labari ya bazu, sauran garuruwan hanya ba su tsaya ba. Ranar 3 ga Fabrairu suka iso Kano, suka shiga ta Ƙofar Kabuga. Sarki Alu ba ya gari, yana hanyar Sakkwato da yawancin dakarunsa. Sarkin Shanu da aka bar wa gari ya yi yaƙi har ya rasu a Gidan Rumfa. Daga baya Waziri Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi, aka naɗa Abbas, shi kuma Alu aka kai shi Yola, daga nan Lokoja, inda ya rasu a 1926.

Ka duba fa: ganuwar da aka shafe shekara 800 ana ginawa ana yaɓewa, cikin safiya ɗaya igwa ta gama da amfaninta. An gina ta ne don doki da kibiya, kuma ta yi aikinta a kansu. Da makamin zamani ya canza, mu ba mu canza ba. Duk sanda na tsaya a Bebeji sai in tuna garuruwanmu na yau da ke tara kuɗi suna haƙa rami a kewaye da gari saboda masu zuwa a kan mashin da bindiga. Shekara 120 bayan Morland, mun koma haƙa ganuwa. Kuma na sha tambayar samarin da nake tararwa a bakin hanya ko sun san abin da ya faru a ƙofar garinsu, kaɗan ne ke cewa sun taɓa ji.

Ka dawo babban titi, ka karya hagu, sai Bagauda da Tiga. A nan tarihin ya sauya, daga sarakuna zuwa gwamna, daga tsoron mahara zuwa tsoron yunwa. Audu Baƙo, kwamishinan 'yan sanda da ya mulki tsohuwar Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya fahimci cewa jiha mai yawan jama'a da damina ta wata huɗu ba za ta ci da kanta ba sai ta tare ruwa. Aka fara da ƙaramin dam na Bagauda, aka sa masa sunan sarkin farko, aka gina otal a bakinsa. Sannan aka shiga babban aiki, Dam ɗin Tiga a kan Kogin Kano, daga 1971 zuwa 1974. Shekarun nan su ne na babban farin da ya kashe dabbobi ya kori mutane daga Nijar da Mali da Chadi, iyayenmu suna tunawa. Lokacin da aka gama shi, Tiga na iya ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2, faɗin tafkin kuma kimanin murabba'in kilomita 178. Wallahi duk wanda bai taɓa tsayawa a kan bangon dam ɗin nan ya kalli ruwan ba, bai san Kano tana da teku ba. Ga masunta da kwale-kwale, ga kifi ana soyawa, ga otal ɗin Rock Castle a kan duwatsu.

Daga Tiga ne babban kanal ke ɗaukar ruwa zuwa Kadawa da Kura da Garun Malam da Bunkure. Kashi na farko na shirin noman ranin an tsara shi ne a kan hekta 22,000. Tumatirin da ake lodi a Kwanar Gafan zuwa Legas, da shinkafa da alkama da albasa, duk ruwan Tiga ne. Ruwan da ake tacewa a Tamburawa a turo mana famfo ma akwai na Tiga a ciki. Wannan ita ce ganuwar zamaninmu, kuma har gobe tana aiki.

Amma a faɗi gaskiya duka. An tashi ƙauyuka kafin ruwan ya kwanta, akwai gonaki da kushewun kakannin wasu a ƙarƙashinsa. Mutanen ƙasa kuma, wato Haɗeja da Nguru da Gashuwa, sun biya nasu farashin. Ambaliyar damina da ke cika musu fadama ta ragu bayan Tiga, ta ƙara raguwa bayan an gama dam ɗin Challawa a 1992, sannan ruwan da ake saki duk shekara ya ba ciyawar kacalla dama ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye gonaki. Manomin Kadawa ya samu, masuncin Nguru ya rasa. Wanda duk zai yi maganar gina sabon dam a yau ya kamata ya san wannan.

Shi kuma dam, kamar ganuwa, bangon ƙasa ne, yana son ido. A Agustan 1988, bayan ruwan sama mai yawa, dam ɗin Bagauda ya fashe, ya tafi da gidaje da gonaki da rayuka. Bayan wannan ne aka rage tsayin mafitar ruwan Tiga a 1992 don a sassauta wa bangon nauyi. Bagauda ƙaramin abu ne idan aka gwada da Tiga. Shi ya sa duk shekarar da aka fara raɗe-raɗin Tiga zai fashe, hankalin mutane ke tashi daga Kura har Ringim. Otal ɗin Bagauda kuwa, inda a da ake zuwa hutun ƙarshen mako da taruka, yanzu reshen Makarantar Horas da Lauyoyi ne. Wannan ma gara shi, ya samu masu amfani da shi bai zama kango ba.

Daga Tiga mukan bi ta Rurum mu ɓulla Rano, mu dawo gida ta Bunkure da Karfi. Hanyar Rurum tana cikin mafi kyau da na sani a jihar nan, duwatsu a ɗore kan juna kamar da hannu aka jera. Rano ɗaya ce daga Hausa Bakwai, shi ya sa ake yi wa sarkinta kirari da Autan Bawo, kuma a labarin Bayajida ita da Kano su ne sarakunan baba, wato masu rini. Duwatsun da ragowar ganuwarta suna nuna maka dalilin da ya sa aka zauna a nan: wuri ne da za ka hango abokin gaba tun daga nesa.

Wane ne abokin gaban? A ƙarni na 19 Ningawa ne. Wajen 1846 wani malami mai suna Hamza ya bar Tsakuwa ta ƙasar Kano shi da almajiransa saboda rigimar kuɗin ƙasa, ya shiga duwatsun Ningi, ya haɗa kan ƙabilun wurin. Shi da waɗanda suka gaje shi, irin su Ɗan Maje da Haruna da Ɗan Yaya, suka shafe fiye da shekara 50 suna kai hari kudancin Kano da ƙasar Bauchi da Zazzau. Su fito daga daji su kwashi mutane da dukiya su koma dutse. Sarkin Kano Abdullahi, wanda ya hau a 1855, ya daɗe yana fama da su, rasuwar da ya yi a Karofi kuma ita ta sa ake ce masa Maje Karofi. Maganin da aka samu shi ne garuruwan ribaɗi: a kafa gari mai ganuwa a bakin iyaka, a zaunar da mutane su yi noma su yi tsaro, kada a bar daji ba kowa. Ku karanta wannan sakin layin sau biyu, ku gaya min ko bai yi kama da labaran da muke ji a rediyo ba. Rigima kan haraji da zalunci, daji da dutse da hukuma ba ta shiga, da talakan bakin iyaka da ke biyan kuɗin.

Wannan ya kawo mu Falgore, wanda tafiyarsa ta rana guda ce daban, ta Kwanar Ɗangora da Tudun Wada. Turawa ne suka killace dajin a shekarun 1940 da sunan gandun dajin Kogin Kano, daga baya a shekarun 1960 aka mayar da shi wurin kare namun daji. Faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000, ya ratsa Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, ya yi iyaka da Kaduna da Bauchi. An san shi da gwanki da ɓauna da mazo da gadu da gwaggon biri. Yau idan ka yi sa'a birai za ka gani suna tsallaka titi. Abin da ba za ka rasa gani ba shi ne buhunan gawayi a jere a bakin hanya.

Da masu yawon buɗe ido suka daina zuwa, masu gadin daji suka yi ƙaranci, ai dajin bai zauna ba kowa ba. 'Yan fashi suka fara tare hanyar Jos, ɓarayin shanu suka biyo baya, masu garkuwa da mutane suka shigo. Sai da ta kai a 2017 sojoji suka mayar da wani sashe nasa filin atisaye kafin hanyar ta samu sauƙi.

Ga abin da nake so mutumin cikin birni ya gane. Kogin Kano ta cikin Falgore yake bi kafin ya zuba a Tiga. Itatuwan dajin su ne ke riƙe ƙasa. Idan aka sare su, ruwan sama ya kwaso yashi da laka ya zuba a dam, dam ya cike daga ƙasa, ruwan da yake ɗauka ya ragu. Idan ya ragu, kanal ɗin Kadawa ya ragu, kwandon tumatir ya tashi a 'Yankaba, famfo ya ƙara ɗaukewa a Dorayi. Buhun gawayin da muke saye saboda tsadar gas, wani sashe na kuɗinsa a wajen mai kayan miya da ɗan garuwa za mu ƙarasa biya. Ban ga laifin uwar gida da ke neman abin da za ta dafa wa yara abinci ba, amma dole mu san igiyar da ta ɗaure dajin da tukunyarmu.

Wanda yake son ya gwada irin wannan tafiya, ga abin da muke yi. Ba ma wuce mashin huɗu, don ayari mai yawa tsorata mutane yake yi. Kowa da hular kwano, da takardun mashin, da katin shaidar aiki. Ba ma naɗe fuska idan za mu shiga gari. Kafin ranar, kowa ya kai wa bakanike ya duba birki da taya da fulogi, a sa baƙin mai, a ɗauki tib na ajiya don ba ko'ina ake samun mai faci ba. Ba ma fita Asabar ɗin ƙarshen wata saboda tsaftar muhalli. Duk garin da muka shiga sai mun fara gaida mai unguwa ko dagaci mun faɗi abin da ya kawo mu, kuma sau da yawa shi ne ke haɗa mu da dattijon da ya san labari. Ba ma ɗaukar hoto a shingen jami'an tsaro. Maganar Falgore kuwa, sai mun tambayi direbobin tashar Tudun Wada halin da hanya ke ciki a ranar, ba ma sauka daga kwalta sai da ma'aikatan gandun daji, kuma da la'asar mun riga mun fito. Idan aka ce kada a je, ba ma zuwa. Lokacin da ya fi daɗi shi ne Oktoba da Nuwamba, ruwa ya ɗauke, dam a cike, gari kore, hazo bai sauko ba.

Wanda hanyar kudu ba ta yi masa ba, akwai wasu na rana guda: rijiyar Kusugu a Daura, zanen shanu na jikin dutse a Birnin Kudu, ganuwar Zazzau da Dutsen Kufena, tsuntsayen Baturiya a ƙasar Haɗeja lokacin sanyi. Kowanne a tambayi halin hanya kafin a tashi.

Roƙona ga masu ruwa da tsaki ba mai tsada ba ne. A kafa allo a Bebeji a rubuta abin da ya faru ranar 1 ga Fabrairu 1903, da Hausa. A shata ragowar ganuwar Kano da ta Rano a fito da taswirarta kowa ya gani, don kada a wayi gari a ce fili ne. A dawo da kai 'yan makaranta Dala da Gidan Makama da Tiga kamar yadda aka kai mu muna firamare. A ƙara masu gadin Falgore, a ɗauke su daga cikin 'ya'yan ƙauyukan da ke kewaye da shi, su ne suka san kowace hanya.

Mu kuma namu ya fi sauƙi. Wanda yake da tsoho a Kura ko Bebeji ko Rano ko Tudun Wada, ya je ya zauna da shi, ya kunna rikodar wayarsa, ya tambaye shi ina karofi suke, ina ƙofar gari take, wane ƙauye ne ruwan Tiga ya ci, wace dabba ya taɓa gani a Falgore da idonsa. Waɗanda suka yi aikin dam ɗin suna samari yanzu sun haura saba'in. Wanda kuma yake da yaro da ya tasa, ko Dala ne ya kai shi Asabar mai zuwa, ba ko sisi sai kuɗin mai.

Allah Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu.